Yadda ake renon farin malam-buɗe-littafi a bokitin fenti

Idan yaro ya ce yana son ya ajiye malam-buɗe-littafi a gida, abin da yakan yi shi ne ya bi shi da hula ko tsintsiya, ya kamo shi da fiffike a yage, ya jefa a kwalba, ya tsinko ciyawa ya zuba masa. Kafin gari ya waye ya mutu. Wanda kake gani yana shawagi ya riga ya gama girma, ba ya cin ganye, ba zai ƙara tsawo ba, 'yan kwanaki ko makonni ne suka rage masa. Tsutsarsa ake reno, ita kuwa ba a samunta sai an san ganyen da take ci. Don haka wanda zai yi wannan aiki, tsiro zai fara koya kafin ƙwaro.

Ni malamin kimiyya ne a wata firamare a nan Jos, kuma duk damina nakan jera bokitai a barandar ajinmu don yara su ga abin da idonsu maimakon zanen allo. Abin da zan faɗa a nan shi ne yadda muke yi.

Fararen malam-buɗe-littafi ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda jijiyoyin fiffikensa suke da baƙin zane, musamman ta ƙasa, masana na kiransa Belenois aurota. Shi a kan anza da danginta yake zuba ƙwai, tari guda. Akwai wani mai tafiyar sanyin jiki, mai ruwan lemo a ƙasan fiffiken baya da baƙin baki, wato Mylothris chloris. Tsutsarsa kauci take ci, sai ka hau bishiya kafin ka ciyar da ita, ni kuwa ba na tura 'ya'yan mutane kan bishiya. Namu shi ne Catopsilia florella, wanda wani masani ɗan ƙasar Danmak mai suna Fabricius ya sa wa suna a 1775. Ya fi waɗancan girma, faɗinsa daga bakin fiffike zuwa baki ya kai santimita 5 da rabi zuwa 6 da rabi, ga gudu, ba ya tsayawa wasa. Namijin fari ne mai ɗan sirkin kore, da ɗigon baƙi guda a tsakiyar fiffiken gaba. Macen kuwa iri biyu ce, wata fara kusan kamar namijin, wata rawaya sosai, har yara kan yi musu da ni cewa wani ƙwaron ne daban. Na zaɓe shi ne saboda abincinsa kyauta ne, kuma a tsayin gwiwa yake.

Wani ɗalibina da mahaifinsa ke lambu yana kai kabeji kasuwar Farin Gada ya taɓa ce mini, “Malam, Baba ya ce maƙiyinsa kake kiwo.” A Turai maganar Baban gaskiya ce, can akwai fararen da tsutsarsu ke cin kabeji. Amma namu ko ka sa masa ganyen kabeji ba zai taɓa ba, gara ya mutu da yunwa. Abin da ya fi huda kabejin 'yan lambu a nan tsutsar wani ɗan ƙaramin faɗa-wuta ce mai ruwan ƙasa, wanda ko ya tashi a gabanka ba lallai ka lura da shi ba. Na aika wa Baban da gaisuwa da wannan bayani.

Abincin namu shi ne rai ɗore, wanda iyayenmu mata kan dafa ganyensa idan zazzaɓi ya kama yaro. Can Arewa sosai tsutsar tana cin filasko ma, don dangi ɗaya suke. Rai ɗore yana son juji, da kangon fili, da tsohon makwancin shanu, da gefen hanya. Ni wajen Naraguta nake samun nawa, amma da wuya a ce unguwa guda a Jos babu shi da zarar ruwa ya sauka a watan Afrilu ya kankama. Kada ka haɗa shi da tafasa, ko da yake furensu duk rawaya ne. Ganyen tafasa uku-uku ne a kowane gefe, bakinsu a zagaye. Na rai ɗore huɗu ne ko biyar a gefe, masu tsini, kuma idan ka murza za ka ji wari mai hawa kai. Duba gindin kowane reshen ganye, za ka ga ɗan ƙulli baƙi-baƙi. Zaƙi yake fitarwa, shi ke kawo tururuwa, su kuma tururuwan ba sa barin ƙwai ko ƙaramar tsutsa idan suka ci karo da su. Saboda haka duk reshen da za ka kai gida, ka kakkaɓe shi tukuna.

Dokar da ba a karyawa: tsiron da ka tsinci tsutsa a kai, shi za ka ci gaba da ba ta har ta gama.

Neman ƙwan shi ne wurin da mutane suke karaya, don suna bin ganye ɗaya-ɗaya suna juyawa har bayansu ya ƙage. Akwai hanya mafi sauƙi. Ka je da hantsi, ranar da gari ya buɗe, ka tsaya nesa kaɗan da tsiron ka jira macen. Tafiyarta daban take da ta namiji. Shi wucewa yake yi fuu, ita kuwa takan yi ƙasa-ƙasa, ta sauka kan wannan ganye ta tashi, ta taɓa wancan ta tashi. Ɗanɗanawa take yi, domin da ƙafafu suke gane ɗanɗanon ganye. Idan ta dace da wanda take so, sai ka ga ta lanƙwasa ƙarshen cikinta ta dangwala a ganyen, ko daƙiƙa uku ba ta yi, ta wuce. Kada ka bi ta da ido, ka kafe idonka a kan ganyen da ta bari, ka taka ka je. Za ka tarar da ƙwai ɗaya tak, fari, a tsaye kan gindinsa kamar an kafa ƙwayar shinkafa, sai dai tsawonsa bai wuce milimita ɗaya da rabi ba. Idan ka ɗauke shi hoto da waya ka buɗa hoton, za ka ga layuka a jikinsa daga sama zuwa ƙasa. Yawanci a kan sabon toho take ajiyewa, inda ganye yake da laushin da ƙaramin baki zai iya gatsa.

Kada ka ɓamɓare ƙwan, a manne yake, fashewa zai yi. Yanko ganyen gaba ɗaya da reza. Akwai wani ƙaramin malam-buɗe-littafi rawaya mai tashi kusa da ƙasa wanda shi ma yake saka irin wannan ƙwai a kan dangin wannan tsiro. Idan nasa ka ɗauko babu asara, renonsu ɗaya ne.

Tsutsar da ta riga ta girma ma ana ɗauka. Ka nemi ganyen da aka gaigaye, ka duba tsakiyarsa, don a kan jijiyar ganye take miƙewa ta yi lamo, launinta ya saje da shi. Amma na fi son ƙwai, zan faɗi dalili a gaba.

Kayan aiki ba sa cin kuɗi. Ƙaramar roba mai murfi don ƙwai da jarirai, bokitin fenti da aka wanke tas aka shanya don manya, 'yar kwalba, auduga, farar takarda, igiyar roba, da abin rufe baki mai shan iska. A nan ne nake jan kunne da ƙarfi: kada ka yanko gidan sauro ka rufe bokitin. Galibin gidajen sauron da ake rabawa a asibiti da unguwanni da maganin kashe ƙwari a jikin zarensu, shi ya sa suke aiki, kuma tsutsar da ta hau kai ta gama yawo. Tsohon gyale shara-shara da aka wanke ya wadatar, ko ragowar ragar taga. Haka nan bokitin ya yi nesa da ɗakin da ake fesa fiya-fiya ko kunna maganin sauro. Ni har turaren wutar uwargida ba na yarda hayaƙinsa ya bi ta kansu, abin da ya sa ranar da bokitai suka kwana a gidana sai an yi 'yar muhawara.

Ƙwan ka sa shi a ƙaramar robar da ganyensa, a kan takarda, ka rufe. Ka riƙa buɗewa sau ɗaya a rana don iska ta shiga, idan ka ga gumi a jikin murfin ka goge. Cikin kwana uku zuwa biyar zai ƙyanƙyashe. Abin da zai fito siriri ne ƙwarai, sai ka ƙura ido, kuma sau da yawa ɓawon ƙwansa yake fara ci. Daga nan ka ajiye sabon toho kusa da tsohon ganyen, za ta koma da kanta. Ba a ɗaukar ta da yatsa. Idan dole sai an matsar da ita, gashin kaza ake sa wa.

Idan ta kai tsawon santimita ɗaya da wani abu, sai a koma bokiti. Shimfiɗa farar takarda a ƙasa. Zuba ruwa a kwalbar, ka tsoma gindin reshen rai ɗore, ka toshe bakin kwalbar da auduga tsam. Toshewar nan ba ado ba ce: tsutsa takan bi kara ta gangara har cikin ruwa ta nutse, ba ta san ta juyo ba. Jingina busassun tsinke biyu ko uku a ciki, ka rufe da gyalen, ka ɗaure da igiyar roba. Inuwa mai haske ake ajiyewa. Rana kai tsaye a kan bokitin roba dafa su take yi. Kada su wuce huɗu ko biyar a bokiti guda, kuma ka haɗa masu kai ɗaya, don idan ganye ya yanke babba kan afka wa ƙarama.

Kullum da safe aiki uku ne: canza takarda, zuba sabon reshe, ƙirga su. Ƙirgar tana da muhimmanci, domin tsutsar da aka fi rasawa ita ce wadda aka zubar tare da tsohon ganye ba a sani ba. Ganyen kuma ka san inda ka tsinko shi. Na gefen lambu ko gonar da ake feshi, ka bar shi ko da ya fi kowanne kyau. Idan ruwa ya dake shi, ka bari ya tsane kafin ka sa, musamman cikin markar Agusta da komai na Jos yake a jiƙe. Ba a ba su ruwan sha, na jikin ganye ya ishe su.

Fatar tsutsa ba ta girma tare da ita, don haka sau huɗu take saɓa kafin ta cika. Duk lokacin da ka ga ta daina ci, ta tsaya wuri guda yini ɗaya, bayan kanta ya ɗan kumbura, to ba ciwo ba ne, kada a taɓa ta. Ta riga ta saƙa zare ta kafe ƙafafunta a kai, da shi za ta ja jiki ta fita daga tsohuwar fatar. Idan ka ɗaga ta a wannan hali ka raba ta da madogara. Bayan ta gama takan juya ta cinye fatar, amma ƙoƙon kan yakan faɗo ƙasa. Amfanin farar takarda ke nan: yara na tsince su su manna a littafi, daga ƙarami zuwa babba, kowanne da kwanan watansa.

A zangon ƙarshe ne za ka san kana da baƙi. Tsawonta yakan kai santimita 4, koriya mai ɗige-ɗigen baƙi ƙanana, da layi mai haske a kowane gefe. Reshen da ka sa da safe, kafin la'asar saura kara. Wadda ta fi cin fure maimakon ganye takan koma rawaya, ka gwada ware guda ɗaya ka riƙa ba ta fure kawai ka gani. A wannan zango ne Asabar da Lahadi suke zama matsala ga makaranta. Ko dai wani yaro mai hankali ya tafi da bokitin gida, ko a roƙi mai gadi. Namu da na fara kai masa ya dube ni ya ce, “Malam, yanzu tsutsar ma sai an yi mata gadi?” Yanzu shi ke tare ni a bakin ƙofa ran Litinin ya ba ni rahoton wadda ta daina ci.

Daga ƙyanƙyasa zuwa ƙoshi mako biyu ne zuwa uku. Jos tana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, sanyinta kuma yana rage wa ƙwari sauri, don haka idan ɗan'uwanka a Abuja ya ce nasa sun riga naka, ba wani abu ka yi ba daidai ba.

Ranar da ta ƙoshi sai ta bar ganye ta shiga zagaye bokitin, ba ta ci, ba ta zama. Wurin ratayuwa take nema, ko jikin tsinke ko ƙasan gyalen. Idan ta samu, za ta saƙa ɗan dunƙulen zare ta maƙale wutsiyarta, sannan ta yi abin da nake so kowane yaro ya gani: ta karkata kai baya, ta kai zare daga wannan gefe zuwa wancan, ta komo, ta sake, har ya yi kauri ya zama ɗamara, ta zura jikinta a ciki ta jingina. Haka za ta kwana a lanƙwashe. Washegari fatar za ta tsage ta bayan kai, ta yi ta murɗa jiki har fatar ta tattare a wutsiya ta faɗi. Abin da ya rage shi ne kwanso, kore, mai tsini a kai da tudu a ƙirji inda fukafukai suke. Ba gida ta gina ta shiga ba, jikinta ne da kansa ya koma haka. Da farko laushi gare shi, a bar shi yini biyu kafin ma a motsa bokitin da ƙarfi. Idan wani ya faɗo, ka kwantar da shi a kan takarda dab da gindin tsinke, yadda mai fitowa zai sami abin hawa.

Yanzu ga dalilin da ya sa na fi son ƙwai. Tsutsar da ta daɗe a waje, sau da yawa wani ya riga ka. Akwai ƙananan dangin zanzaro da wasu ƙudaje masu saka ƙwansu a jikinta, 'ya'yansu su yi ta cin ta daga ciki tana raye tana kiwonta. Sai ka yi ta hidima, ran da kake jiran malam-buɗe-littafi ka ga kwanson ya yi baƙi ya sandare da 'yar huda a gefe, ko ka tsinci wani ɗan dunƙule mai ruwan ƙasa a kan takarda, wanda ƙuda zai fito daga ciki. Ba na ɓoye wa yara wannan, nakan sa shi a kwalba mu jira mu ga mai laifin. Ba don irinsu ba, da tsutsa ta cinye rai ɗoren garin nan kaf. Wadda kuwa ta yi laƙwas, ta yi baƙi tana wari, cuta ce. Fitar da ita nan take, ka wanke bokitin da bilic, ka ɗauraye sosai, ka shanya a rana kafin wata ta shiga.

Lafiyayyen kwanso yakan ɗauki mako ɗaya zuwa kwana goma, ya fi haka idan gari ya yi sanyi. Alamar ita ce jajibirin fitowa launin fiffike zai bayyana ta cikin ɓawon, fari ko rawaya. Idan ka ga haka, gobe bayan sallar asuba kada ka koma barci, don da safe suka fi fitowa, kuma fitowar kanta ba ta cika minti biyu ba. Ɓawon zai tsage ta sama, ƙafafu su fara leƙowa, ya jawo jiki ya kama tsinke ya rataya. Wanda bai taɓa gani ba zai ce nakasasshe ne: ciki ƙato, fukafukai a cukurkuɗe, ƙanana, a jiƙe. Ka zuba ido kawai. Ruwan jikinsa yake turawa cikin jijiyoyin fiffiken, kana kallo suna sauka suna miƙewa, cikin yana raguwa, kafin minti ashirin sun kai girmansu. A lokacin kuma za ka ga yana ta warware dogon bakinsa yana naɗewa. Biyu yake fitowa a rabe, sai ya haɗa su sun zama bututu guda kafin ya iya shan ruwan fure. Zai kuma zubar da ɗigon ruwa mai launi a kan takarda. Yara kan ce jini ne. Dattin da ya taru ne tun yana kwanso.

Sharaɗin wannan sa'a guda ɗaya ne: ya sami sararin rataya, fukafukan su sauka ba su taɓa komai ba. Idan suka bushe a lanƙwashe, haka za su zauna har ya mutu. Shi ya sa kwalba ba ta yi, sai bokiti.

A ba shi awa biyu ya bushe. Kada a kama fiffiken, don farin garin da ke manne wa yatsa ƙananan ɓawo ne da aka jera a kansa, kuma ba sa sake tsirowa. A cikinsu launin yake. Wani Bature ɗan Ingila, Frederick Gowland Hopkins, tun a 1889 ya fara nazarin sinadarin launin fukafukan wannan dangi, shi ne kuma daga baya ya sami kyautar Nobel a 1929 kan aikin bitamin. Idan kana son ɗaukar malam-buɗe-littafin, ka sa yatsa a gaban ƙafafunsa, zai hau da kansa.

Sakinsa a ranar ya fi. Ka jira rana ta yi zafi, don da sanyin safiyar Jos ba ya iya tashi sai jikinsa ya ɗumama, ƙadangare kuwa ba ya jira. Kai shi kusa da fure. Lantana, wannan mai ƙaiƙayi da fure ja da rawaya da ta mamaye gefen duwatsunmu, baƙuwa ce daga nahiyar Amurka kuma manoma ba sa ƙaunarta, amma su suna sha. Kada ka sa ran zai zauna a gidanka. Matafiyi ne, yana bin inda ruwa ya sauka tsiro ya fito, kusan duk Afirka kudu da Sahara akwai shi, har tsibiran Kanari da ke cikin teku ya kai ya zauna tun shekarun 1960. Ɗan'uwansa mai baƙin zane ma haka, shi ne wanda yake ratsa birnin Johannasbag na Afirka ta Kudu tururu wajen Disamba da Janairu.

Mazan za ka iya tara su a tsakar gida. Su ne kake gani cunkus a kan danshin yashi a bakin kogin Dilimi ko tsofaffin kududdufan kuza, musamman inda shanu suka yi fitsari. Gishiri suke tsotsa, wani kaso kuma su miƙa wa mace wajen barbara. Zuba yashi a tsohon faranti, ka jiƙa shi da ruwan da aka barbaɗa wa gishiri kaɗan, ka ajiye a rana, kada ka bari ya bushe.

Matan kuwa tsiro ne ke kawo su. Da kaka, idan kwanson 'ya'yan rai ɗore ya bushe ya fara tsagewa, ka ɗebi iri ka ƙulle a takarda. Ka ajiye inda yara ƙanana da awaki ba za su kai ba, domin ɗanyen irin guba ne idan aka ci da yawa. Fatarsa tauri gare ta, don haka daren shuka ka ɗan goga kowace ƙwaya a siminti ka jiƙa ta kwana. Ruwan farko na Afrilu ka shuka a tsohon buhun siminti ko tayar mota, biyar ko shida, a inda rana ke samu. Biyu ka rufe su da raga don kada a saka musu ƙwai, su ne za su ciyar da bokiti a zangon ƙarshe idan sauran sun zama kara.